Huaqiangbei, Kasuwar Masu Gyaran Waya ta Birnin Shenzhen

Da yawa daga 'yan kasuwar Kano da ke sarin wayoyi da kayan gyaransu daga ƙasar Sin hanya ɗaya suke bi, wato su tashi daga filin jirgin sama na Malam Aminu Kano zuwa Adis Ababa, su canja jirgi, su kwana a sama su sauka a filin jirgin Baiyun na birnin Guangzhou, inda akasarinsu kan yada zango a unguwar Xiaobei saboda gidajen abincin Musulmi da masaukan da suka daɗe da sabawa da baƙi daga Afirka. Kasuwannin Guangzhou sun wadatar da mai neman kaya a kwali, amma wanda yake so ya ga inda ake warware waya gunduwa-gunduwa a sake haɗa ta, dole ne ya ƙara gaba zuwa Shenzhen, birnin da ke maƙwabtaka da Hong Kong. Jirgin ƙasa mai tsananin gudu yana tashi daga tashar kudu ta Guangzhou, ya ratsa yankin Dongguan inda masana'antu da gidajen kwanan ma'aikata suka jeru har mutum ya kasa gane inda wani gari ya ƙare wani ya soma, kuma kafin awa guda ta cika ya sauke matafiyi a tashar Futian da ke ƙarƙashin ƙasa. Daga nan 'yar gajeriyar tafiya ce zuwa Huaqiangbei, unguwar da ake lissafawa cikin manyan kasuwannin kayan laturoni na duniya.

Shenzhen sabon birni ne idan aka gwada shi da Guangzhou. A shekarar 1980 ne gwamnatin Sin, a zamanin Deng Xiaoping, ta ayyana wurin a matsayin yankin tattalin arziki na musamman, wato yankin da aka sassauta wa dokokin haraji da na zuba jari domin jawo masana'antun waje, kuma ƙidayar 2020 ta samu mutane sama da miliyan 17 a cikinsa. A nan hedikwatar Huawei da ta ZTE suke, a nan kamfanin Foxconn ya kafa katafariyar masana'antarsa ta Longhua, a nan kuma Transsion yake, kamfanin da ke ƙera wayoyin Tecno da Itel da Infinix da suka cika aljihunan mutane daga Sakkwato har Damagaram. Ita Huaqiangbei tun asali unguwar masana'antu ce, sai a 1988 rukunin kamfanonin SEG ya buɗe kasuwar sayar da ƙananan sassan laturoni a cikinta, domin masu ƙananan masana'antu su sami inda za su sayi kayan da a da hukuma ce ke rabawa bisa tsari. Dogon ginin SEG Plaza mai hawa sama da 70, wanda aka kammala a 2000 kuma benayensa na ƙasa duk kasuwa ne, shi ne alamar da baƙo kan duba idan ya ɓata, domin gine-ginen kasuwa sun jeru dama da hagu a kan babban titin, wanda tun 2017 aka hana mota binsa aka bar wa masu tafiya da ƙafa.

Abin da ke fara ɗaukar hankalin baƙo idan ya shiga ciki shi ne ƙanƙantar shagunan. Mafi yawansu kanta ce kawai ta gilashi wadda tsawonta bai wuce mita ɗaya zuwa biyu ba, da mutum ɗaya ko biyu a bayanta, kuma kowace da abin da ta ƙware a kai. Wannan sikirin kaɗai take sayarwa, an jera su an ɗaure da roba. Ta gefenta batir. Ta gaba kyamarorin waya a cikin tire mai ramuka. Wata ba ta da komai sai ƙananan noti a leda, kowace leda da lambar wayar da suka dace da ita. Wata kuwa siraran igiyoyi ne masu lanƙwasuwa da ke haɗa maɓallai da bakin caji da fanel, wato babban allon da dukkan sassan waya ke haɗuwa a kansa. Ba a yawan magana wajen ciniki da baƙo, mai kanta kan danna farashi a kalkuleta ta juyo masa, shi ma ya danna tayinsa, farashin kuwa yana sauka gwargwadon yawan abin da za a ɗauka, sannan a biya ta manhajar WeChat ko Alipay. Kasuwar ba ta sammako, sai wajen ƙarfe goma na safe ake buɗewa, da rana a ci abinci a kan kanta, da yamma kuma ƙarar salatif ta cika ko'ina, lokacin da ake ɗaure kwalayen da masu amalanke za su kwashe zuwa kamfanonin aika kaya.

Wanda ya saba ganin waya a rufe ruf babu alamar inda za a buɗe ta, a nan yake fahimtar cewa tarin sassa ce, kowane da sunansa da kuɗinsa, kamar yadda rago kan koma a teburin mahauci, cinya daban, hanta daban, ƙashi ma da mai sayensa. A 2017 wani Ba'amurke mai suna Scotty Allen, wanda ya taɓa aikin manhaja a kamfanin Google, ya zagaya waɗannan kantuna yana sayen sassa ɗaya bayan ɗaya har ya haɗa iPhone 6s cikakkiya mai aiki, ya sa bidiyon a YouTube miliyoyin mutane suka kalla. Wurin da aikin ya cije masa ya fi komai muhimmanci a labarin, domin jiki da sikirin da batir ba su ba shi wuya sosai ba, amma da ya gwada dasa ƙwayoyin fanel da hannunsa abin ya gagara, sai da ya sayi fanel ɗin da wasu suka riga suka haɗa.

Abubuwa biyu ake nufi idan ana maganar tsawon ran na'ura. Na farko gyaruwa, wato sauƙin buɗe ta a cire abin da ya lalace a sa wani ba tare da an ɓata sauran ba. Na biyu ƙarin ƙarfi, wato damar canja sashen da bai lalace ba da wanda ya fi shi girma ko sauri idan zamani ya wuce shi. A benayen da ake sayar da kayan kwamfutar tebur har yanzu ana ganin duka biyun da ransu. Mai saye kan zaɓi fanel a wannan kanta, ya zaɓi furosesa, wato ƙwayar da ke yin lissafi, a waccan, ya ƙara da sandunan RAM, wato ma'adanar wucin gadi inda kwamfuta ke shimfiɗa aikin da take kai, sannan wani matashi ya haɗa masa su a gabansa da sukudireba guda. Wannan ya samo asali ne daga kwamfutar da IBM ya fitar a 1981, wadda aka gina da sassan da ake samu a kasuwa, aka bar mata ramukan soka ƙarin allo, aka kuma wallafa bayanan tsarinta. Daga baya Intel ya fitar da ma'aunin ATX a 1995, wanda ya daidaita girman fanel da wuraren noti da bakin wuta ta yadda kayan kamfanoni dabam-dabam za su zauna a akwati ɗaya. Wayoyin can baya ma sun sami nasu rabon, domin duk wanda ya riƙe tsohuwar Nokia ya san cewa da farce ake ɓalle marfin baya a cire batir a sa wani.

Rufewar ta zo ne a hankali. Tun iPhone ta farko a 2007 aka kulle batir a ciki, a zamanin iPhone 4 kuma Apple ya koma amfani da noti mai kan fure biyar wanda sukudireban kasuwa ba ya kamawa. A 2012 kamfanin ya fitar da MacBook Pro mai sikirin ɗin Retina, wadda aka liƙe RAM ɗinta a jikin fanel da dalma aka kuma manne batirinta da gam, har iFixit, kamfanin Kalifoniya da aka kafa a 2003 wanda ke warware sababbin na'urori yana wallafa hanyar gyaransu kyauta, ya ba ta maki 1 cikin 10. Sauran kamfanoni sun bi sahu a kwamfutocinsu marasa kauri, kuma da zuwan ƙwayar M1 a 2020 an haɗe RAM da furosesa a ƙunshi ɗaya. Adalci ne a faɗi cewa wasu daga hujjojin masu ƙira suna da ƙarfi, domin RAM ɗin da ke dab da furosesa ya fi sauri kuma ya fi tattalin wuta, wayar da aka manne bakinta da gam kuma ta fi jure ruwa da ƙura. Amma babu wata hujjar aiki da ke bayan noti mai kai na daban, kuma batir abu ne mai ƙarewa ko da an lallaɓa shi, tunda shi kansa Apple ya bayyana cewa batirin wayoyinsa na baya an tsara shi ne ya riƙe kashi 80 cikin ɗari na ƙarfinsa bayan cikakken caji 500, abin da mai cajin waya kullum zai cinye kafin shekara biyu. Manne irin wannan sashe a cikin na'urar da sauran jikinta zai iya shekara bakwai ko fiye, yanke wa na'urar duka wa'adi ne da gangan ko da sakaci. A Disambar 2017 Apple ya amsa cewa yana rage saurin tsofaffin wayoyi masu raunin batir ba tare da ya sanar da masu su ba, ya rage kuɗin canjin batir daga dala 79 zuwa 29 na shekara guda, kuma a 2020 hukumomin Faransa suka ci tararsa Yuro miliyan 25, saboda mutane da dama sun ɗauka wayarsu ce ta tsufa alhali batir kawai take buƙata.

Amsar da Huaqiangbei ta bai wa gam da dalma ita ce ƙwarewar hannu, kuma wanda yake so ya gan ta sai ya hau benaye na sama ko ya shiga lungunan baya, inda masu gyara ke zaune a jere kowa da kansa a sunkuye. A kan teburin kowanensu akwai madubin ƙara girma mai ido biyu, da na'urar hura iska mai zafi, da ƙarfen narka dalma, da hantsaki mai tsinin allura, da kwamfuta mai nuna taswirar fanel ɗin da ake aiki a kansa, inda kowace hanyar wuta ke haske idan aka taɓa ta. Ɗaya daga ayyukan da suka yi suna a kai shi ne ƙara wa waya ma'adana, a ɗauke ta daga gigabayit 64 zuwa 256, abin da kamfanin da ya ƙera ta bai bar wa ƙofa ba. Ma'adanar wata baƙar ƙwaya ce da ba ta fi faɗin farce ba, tana zaune a kan ɗigo-ɗigon dalma da ke ƙarƙashinta, an kuma zagaye ta da baƙin gam mai tauri. Mai gyara kan rufe ƙwayoyin da ke maƙwabtaka da ita da tef mai jure zafi, ya kankare gam ɗin gefe da siririyar wuƙa, ya hura iskar da ta haura digiri 300 har dalmar ta saki, ya ɗaga ƙwayar ya share gurbinta tas. Daga nan ya sa tsohuwar a wata 'yar na'ura da ke kwafe lambobin shaidar wayar ta rubuta su a sabuwa, domin in ba haka ba wayar ba za ta karɓe ta ba. Sannan ya ɗora wa sabuwar wani siririn faranti mai hudoji, ya shafa dalma mai laushi, ya hura zafi har ta dunƙule ta zama ƙananan ƙwallaye a jere, ya daidaita ƙwayar a gurbinta yana leƙawa ta madubi, ya sake hurawa har ta zauna, a ƙarshe ya yi wa wayar filashin, wato ya sake zuba mata manhajar da ke tafiyar da ita. Idan zafi ya ɗan zarce ko hannu ya girgiza, ƙwayar da ke ɗaya gefen fanel ɗin kan saki, wayar ta mutu. Da irin wannan dabara suke huda wa iPhone 14 ta Amurka, wadda aka fitar a 2022 babu ramin SIM, wurin sa kati. Mai kallo ba zai rasa jin sha'awar hannun da ke wannan aiki ba, amma sha'awar tana tafe da takaici, domin duk wannan wahala da kasada ana yin su ne don cim ma abin da ake yi cikin minti ɗaya a wayar da aka bar wa ramin katin memori.

Sikirin ma ba a yar da shi don gilashinsa ya fashe. Ana ɗora shi a faranti mai ɗumi, a zura siririyar waya tsakanin gilashin da ya fashe da allon hoton da ke ƙarƙashinsa a raba su, a wanke tsohon gam, a shimfiɗa sabo mai haske, a matse sabon gilashi a cikin na'urar da ke zuƙe iska, sannan a sa shi a wata tukunyar matsi da ke kashe ragowar kumfa. Saboda haka ne kaya iri ɗaya ke da matakai a kanta guda: akwai na asali da aka ciro daga wata waya, akwai na asali da aka canja wa gilashi, akwai kuma na kwaikwayo, shi ma mai kyau da mai araha. Mai kanta yawanci yakan faɗa wa wanda ya san tambaya matakin kayansa, ruɗanin yana aukuwa ne a hanya, lokacin da kayan ya ratsa hannu uku ko huɗu ya isa shagon da za a ce wa mai waya orijinal ne. A sikirin abin da za a yi asara launi ne da haske, a batir kuwa ana iya asarar fiye da haka, tunda batirin da ba a ƙera da kyau ba yana kumbura, wani lokaci ya kama wuta.

Katangar da ta fi gam da dalma wuyar haurawa ba a ganin ta da madubi. Ita ce ɗaure sassa, wato a sa wa batir ko sikirin ko kyamara wata 'yar ƙwaya mai lamba, a rubuta lambar a ƙwaƙwalwar wayar, ta yadda idan aka sa wani sashe, ko da na asali ne daga waya irinta, sai ta nuna gargaɗi ko ta kashe wani aiki har sai kamfani ya amince ta manhajarsa. A 2016 masu iPhone 6 da suka canja maɓallin yatsa a wajen masu gyara na kasuwa sun wayi gari wayoyinsu sun ƙi tashi suna nuna kuskure mai lamba 53. Apple ya nemi afuwa ya fitar da gyara, kuma a 2018 wata kotun Ostireliya ta ci tararsa dalar ƙasar miliyan 9 kan ƙin sauraron waɗanda suka yi gyara a waje. A 2019 aka soma nuna gargaɗin batir, a 2021 kuma canjin sikirin ɗin iPhone 13 ya riƙa kashe buɗe waya da fuska, sai da aka yi ca a kan kamfanin ya janye. A Huaqiangbei akwai kantunan da sana'arsu ke nan kawai, sayar da ƙananan na'urori masu kwafe lamba daga tsohon sashe zuwa sabo, akwai kuma masu yanke 'yar ƙwayar da ke kan tsohon batir su dasa ta a kan sabo don wayar ta ɗauka nata ne. Kowace sabuwar manhaja tana iya rushe dabarar jiya, don haka ƙwarewar da aka sha wuya aka samu kullum tana hannun wanda ke da ikon sauya makulli daga nesa.

Sai dai makullin yana da fuska ta biyu da bai kamata a rufe ido a kanta ba. Kudu da babban titin akwai ginin Feiyang, cibiyar wayoyin hannu na biyu, inda ake jera su an ɗaure da roba goma-goma. Da yawansu halastattu ne, waɗanda masu su a Amurka da Turai suka mayar wa kamfanoni suka karɓi sababbi aka yi gwanjonsu a Hong Kong, amma jaridar Financial Times ta ruwaito a 2025 cewa an bi sawun wayoyin da aka ƙwace a titunan Landan har zuwa wannan gini, inda wadda ta ƙi buɗuwa ake warware ta a sayar da sassan. Mutumin Kano, wanda ya san rayukan da ƙwacen waya ya ci a unguwannin birninsa, ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani kan amfanin abin da zai sa wayar sata ta zama ba ta da kasuwa. Tambayar ita ce ko dole ne a hukunta mai gyara na gaskiya domin a toshe ɓarawo, kuma shi kansa Apple ya nuna cewa ba dole ba ne, domin a 2024 ya ba da damar amfani da sassa na asali da aka ciro daga wata waya, tare da toshe waɗanda suka fito daga wayar da mai ita ya kulle ko ya ba da rahoton ɓatanta. Wannan bambanci ne da ake iya yi tun da farko, kuma jinkirin yin sa ya sa an jefar da na'urori masu yawa da ba su da laifin komai.

Akwai kuma mutuwar da babu mai madubin da zai iya hana ta, wato ranar da kamfani ya daina aiko wa na'ura sabuntawar tsaro. Microsoft ya tsayar da 14 ga Oktoban 2025 a matsayin ƙarshen tallafin Windows 10, ita kuwa Windows 11 tana neman ƙwayar tsaro mai suna TPM 2.0 da furosesa na baya-bayan nan, lamarin da ya bar ɗimbin kwamfutoci masu lafiya a waje. A ɓangaren waya, Google da Samsung sun yi alkawarin shekara bakwai na sabuntawa ga manyan wayoyinsu tun daga Pixel 8 da Galaxy S24, amma wayoyi masu araha, waɗanda su ne a hannun talaka, ba su kai kusa da haka. Abin da aka jefar kuwa ba ya ɓacewa. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya kan sharar laturoni ya nuna cewa duniya ta tara ton miliyan 62 a 2022, kuma kimanin kashi 22 cikin ɗari ne kawai aka tattara aka sarrafa ta hanyar da ta dace. Matafiyin da ya nufi gabashin lardin Guangdong, wanda Shenzhen ke cikinsa, zai tarar da garin Guiyu kusa da Shantou, inda aka shafe shekaru ana gasa fanel a kan wuta ana jiƙa shi a ruwan asid don a tsamo zinariya da tagulla, har binciken likitoci ya samu dalma mai yawa a jinin yaran garin, kafin hukuma ta tattara sana'ar cikin wani keɓaɓɓen fili ta kuma hana shigo da shara daga waje.

Sauyin da ake gani a 'yan shekarun nan daga majalisun dokoki yake fitowa. A ranar 1 ga Janairun 2021 Faransa ta wajabta liƙa makin gyaruwa, daga sifili zuwa 10, kusa da farashin waya da kwamfutar tafi-da-gidanka. Jihar Oregon ta Amurka ta sa hannu a 2024 kan dokar da ta hana amfani da ɗaure sassa wajen toshe gyara. Tarayyar Turai kuma, daga 20 ga Yunin 2025, ta wajabta wa masu ƙera waya su samar da muhimman kayan gyara har shekara bakwai bayan sun daina sayar da samfurin, su ci gaba da sabunta manhaja aƙalla shekara biyar, batir kuma ya jure caji 800 yana riƙe da kashi 80 na ƙarfinsa. Ƙananan kamfanoni biyu sun riga sun nuna cewa abin mai yiwuwa ne: Fairphone na Amsterdam, wanda aka kafa a 2013, yana ƙera wayar da mai ita zai canja wa batir da sikirin da kyamara da sukudireba ɗaya, shi kuwa Framework na Amurka a 2021 ya fitar da kwamfutar da ake canja wa komai har fanel, a bar jiki da sikirin yadda suke. Kasuwarsu ƙarama ce kuma kayansu ba su da araha, amma sun rushe da'awar cewa na'ura mara kauri dole ta zama a rufe. Manyan ma sun soma motsi, tunda wasu samfuran iPhone 16 sun zo da gam ɗin batir da ke saki idan aka jona masa 'yar wutar batir mai bolt 9.

Wannan magana ta fi shafar kasuwar Farm Centre da titin Beirut a Kano, da Banex a Abuja, da Computer Village a Ikeja, fiye da yadda ta shafi waɗanda suka rubuta dokokin, domin mai sayen waya ko kwamfuta ta hannu a waɗannan wurare shi ne mai ita na biyu ko na uku, kuma a hannunsa batir ke ƙarewa, sikirin ya fashe, ma'adana ta cika. Abin da ya sa tsofaffin kwamfutocin ofis irin su ThinkPad da Latitude da EliteBook suka riƙe kasuwar ɗalibai da masu shagon buga takardu shi ne ana kwance noti kaɗan a ƙara musu RAM, a cire tsohon faifai mai juyawa a sa ma'adanar SSD mai sauri, su ƙara shekaru suna aiki. Waɗanda ofisoshin Turai da Amurka ke amfani da su yanzu, da yawansu RAM ɗinsu a liƙe yake, kuma su ne za su sauka a tashar Apapa nan gaba da gigabayit 8 da ba za a iya ƙarawa ba sai da iska mai zafi da madubi, kayan aikin da masu gyara na Najeriya suka riga suka soma saye daga waɗannan kantuna. Idan dokar Turai ta tilasta sauya ƙira, mai gyara a Kano zai amfana da ita, domin kamfani ba ya cika ƙera jiki biyu ga samfuri ɗaya; amma wajabcin samar da kayan gyara na asali da bayanan aiki a iyakar Tarayyar yake tsayawa, kuma bai hau kan wayoyin da aka ƙera don Afirka kaɗai ba. Transsion yana da nasa cibiyoyin gyara na Carlcare a manyan birane, sauran kuwa, sikirin da batir da bakin caji na yawancin wayoyin da ake kai wa masu teburi a gefen titi, ta hannun 'yan sari suke zuwa daga kantunan Huaqiangbei da na Guangzhou, kuma mai waya ba shi da wata takarda da za ta gaya masa matakin abin da aka sa masa.